FamilySearch: me zai tsinana wa mai neman salsalarsa a Bauchi da Gombe?

Duk wanda ya buɗe FamilySearch da zummar ya rubuta sunan kakansa na Darazo ko Dukku, waya ta zazzago masa kakanni bakwai a jere, to ya shirya shan takaici. Shafin kyauta ne, ba a biyan ko sisi, kuma wajen adana salsala da wuya a samu na kyauta da ya fi shi. Amma wajen nemo abin da ba ka sani ba, a ƙasarmu ɗan abin da zai ba ka bai taka kara ya karya ba. Dalilin ba boyayye ba ne. Rumbunsa cike yake da takardun ƙasashen da suka daɗe suna rubuta haihuwa da aure da mutuwa, irin su Ingila da Amurka. Mu kuwa sai a 1979 aka yi dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin Najeriya, aka sabunta ta a 1992. Kafin nan yawancin iyayenmu takardar rantsuwar shekaru suka karɓo daga kotu, wadda sau da yawa an ƙiyasta shekarun ne don a samu makaranta ko aiki.

Ya kamata a san masu abin tun da farko. Cocin da aka fi sani da Momon ne ke tafiyar da shi daga birnin Salt Lake a Amurka. Aikin ya faro a 1894, shafin intanet ɗin kuma a 1999. A aƙidarsu ana yi wa mamaci baftisma ta hanyar wakili, kuma wannan ne tushen himmarsu kan sunayen magabata. Ƙa'idarsu ta ce mabiyinsu danginsa kaɗai zai gabatar, kuma wanda aka haifa cikin shekaru 110 da suka wuce sai da izinin makusancinsa mai rai. Duk da haka, sunan mamacin da ka shigar yana cikin rumbunsu ne. Wanda ransa bai kwanta da haka ba, akwai Gramps, manhajar kyauta da ke zama a kwamfutarka ba tare da intanet ba.

Buɗe asusu ba wuya, da imel ko lambar waya. Ka fara da kanka, sai uba da uwa, ka riƙa hawa sama. Kowane mutum ana ba shi lambar shaida mai harufa da lambobi bakwai; ka riƙa rubuta ta a littafinka kusa da sunansa, domin nan gaba ita ce za ta raba maka Muhammadu da Muhammadu. Masu rai kai kaɗai ke ganinsu. Da zarar ka nuna mutum ya rasu, ya shiga bishiya ɗaya ta kowa da kowa, wadda duk mai asusu zai iya gyarawa. Nan ne gizo ke saƙar.

Shafin an gina shi ne bisa tunanin cewa kowane gida yana da sunan da ake gada daga kaka zuwa jika. Mu ba haka muke ba. Audu ɗan Garba ya haifi Sale Audu, Sale ya haifi Musa Sale. Wani kuma ya je makaranta malami ya liƙa masa sunan garinsu, ya zama Azare ko Kumo ko Ningi har abada, kamar yadda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ɗauki sunan garin Tafawa Ɓalewa. Saboda haka manhajar kan kawo maka shawarar cewa Muhammadu Bellonka na Bauchi da wani Muhammadu Bello da wani ya shigar mutum ɗaya ne, a haɗe su. Kada ka amsa sai sunan uba, sunan uwa, gari da aƙalla mata ko ɗa guda sun dace. In ba su dace ba, danna wajen da ke cewa ba shi ba ne, ka rubuta dalili. Haɗewar kuskure ana iya warware ta daga tarihin canje-canje, amma in an ɗora wasu gyare-gyare a kai, sai ka yi ta kwance 'ya'ya da mata ɗaya bayan ɗaya. Akwai tauraron bibiya a shafin kowane mutum. Ka danna shi a kan kakanninka don a sanar da kai in wani ya taɓa su.

Dabarar da ta fi aiki ita ce sunan yanka a gurbin farko, sunan uba a gurbi na biyu, sauran kuma a gurbin ƙarin suna: laƙabi, sarauta, sunan rana irin Ladi ko Ɗanjuma, da yadda Bature ya rubuta shi, domin Muhammadu a takardun En'e kan koma Momodu ko Mamman. Suna mai ƙugiya a rubuta shi sau biyu, Ɗahiru da Dahiru. Sunan yankan mata shi ne mafi wuyar samu. Kaka ta shekara tamanin ana ce mata Goggo ko Inna ko Yaya, jikokinta ba wanda ya taɓa jin sunanta na gaskiya, kuma saboda alkunya tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko ɗan farinta ba ko da za ka kwana kana tambaya. Ƙanwarta ko kishiyarta ake tambaya.

Wajen auren mace fiye da ɗaya shafin ya yi ƙoƙari: kana iya jera mata huɗu, da waɗanda aka rabu da su, kowace da 'ya'yanta a ƙarƙashinta. Ɗan riƙo ma yana da gurbi, ana iya nuna cewa wannan uba na jini ne, wancan mariƙi. A kula da wannan sosai, domin a gidajen malamai da na sarauta yaro kan tashi yana amsa sunan kawunsa. Abin da babu gurbinsa shi ne 'yan'uwantakar shayarwa, alhali a wurinmu ita ke hana aure. Sai dai a rubuta ta a wajen ƙarin bayani.

Shekaru kuma ƙiyasi za ka yi, kuma shafin ya yarda a rubuta "wajen shekara kaza". Tsofaffi ba sa faɗin shekara, abin da ya faru suke faɗa, kai ne za ka juya shi. Zuwan Turawa Bauchi 1902. Yaƙin Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, Yuli 1903. Annobar mura 1918. Isowar jirgin ƙasa Bauchi 1961, Gombe 1963. Kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa Janairu 1966. Canjin kuɗi zuwa naira 1973. In ka samu shekarar Hijira a bayan Alƙur'anin gida ko a takardar alƙali, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: 1321 za ta ba ka 1903. Kuskuren ba ya wuce shekara guda.

Sunan wuri ma tarko ne. Jihar Bauchi a 1976 aka yi ta, Gombe a 1996, Katagum kuwa tana Lardin Kano ne sai a 1926 ta dawo Lardin Bauchi. Kakan da aka ce an haife shi a Gombe kafin 1919, mai yiwuwa Gombe Abba ake nufi, garin Buba Yero, domin hedkwatar sai da ta koma Nafada a 1913 kafin ta sauka Gombe Doma, wato Gomben yau. Ka zaɓi sunan yau don injin nema ya gane, ka rubuta tsohon a bayani.

Sashen da ya fi cancantar datarka shi ne Memories. Yana karɓar hoto, takarda da murya, kowane fayil har megabait 15, kuma kana iya liƙa shi a kan mutumin da ya shafa. Hirar awa guda da tsohuwa sai a yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace da sunan mai magana, gari da ranar ɗauka. Kirarin gida, tsagen fuska, sunan unguwa, daga ina aka taso da shanu, duk a tambaya. Takardun rabon gado da na gona kuwa a mayar da su na sirri, ko ma a bar su a gida. Salsalar da kowa ke iya gyarawa ba hujja ba ce a gaban alƙali, amma tana iya tayar da rigimar gado ko ta sarauta. Akwai kuma sashen salsalar baka da suka tattara a Afirka, har da Najeriya. A duba shi da sunan ƙauye, ba da sunan mutum kawai ba.

Takardun gaske suna wani wurin. A ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin Lardin Bauchi masu alamar BAUPROF da na sakatariyar Arewa masu alamar SNP, inda rahotannin ƙiyasin haraji kan kawo asalin gari da jerin hakimai da dagatai. Talaka da wuya sunansa ya fito, sai in ya yi shari'a ko aikin En'e. Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, ma yana Kaduna. Kiristocin Tangale, inda mishan suka sauka Kaltungo a 1917, su tambayi rajistar baftisma da aure a cocinsu. Zuriyar da ta bi hijirar gabas bayan Burmi kuwa, a nemi reshenta a Mai Wurno ta Sudan.

Kana iya sauke bishiyarka a tsarin GEDCOM, wato fayil ɗin musayar salsala tsakanin manhajoji, ta wata manhaja irin RootsMagic. Duk da haka littafi mai bangon kwali ya zama shi ne asali, kowane suna da lambarsa da sunan tsohon da ya faɗa maka, a ajiye kwafi ɗaya a wani gidan daban.