Handawut da sautin Hausa kan mulkin Joj Washinton: abin da ke ciki da inda ya yi tuntuɓe

A wasu shagunan fotokofi da ke kewayen manyan makarantu a cikin garin Kaduna ana sayar wa ɗaliban tarihi da na kimiyyar siyasa wani ƙunshin karatu kan mulkin shugaban Amurka na farko, Joj Washinton, daga 1789 zuwa 1797. Abu uku ne a ciki: handawut na Turanci mai shafi 46, taswira guda a babbar takarda, sai sauti takwas da wani malami ya ɗauka da Hausa, waɗanda mai shago ke tura wa mutum a waya ta Xender ko WhatsApp. Babu sunan marubuci a bango. Sautin ya ci kuɗinsa. Handawut ɗin kuwa sai an karanta shi da jan biro a hannu.

A fara da takardar kanta. Yawancin kwafin da ke kan teburi an ɗauko su ne daga wani kwafi, shi ma daga wani, har tawada ta cinye cikin lambobi. Lamba 3 da lamba 8 sun zama Hassan da Hussaini. A wani darasin wannan ba komai ba ne, amma a nan 1793 ita ce shekarar da Washinton ya shelanta cewa ƙasarsa ba ruwanta da yaƙin Turai tsakanin Faransa da Ingila, ita kuwa 1798 zamanin magajinsa Jon Adams ce, lokacin da jiragen ruwan Amurka da na Faransa ke harbin juna a teku. Ɗalibin da ya haddace gurɓatacciyar lamba ya tsallake shugaba guda bai sani ba. Maganin shi ne a ce wa mai shago ya buga daga kwamfuta, ko da zai ƙara kuɗi, kada ya ɗora tsohon kwafi a kan inji. Ɗaurin ma sitefila ɗaya ce a kusurwa, kuma shafukan da ke fara zubewa su ne na ƙarshe, inda jadawalin shekaru yake.

Taswirar asalinta mai launi ce, aka buga ta baƙi da fari, sai yankin Ingila da na Sifaniya da na Amurka suka koma toka iri ɗaya. Dole a gyara ta da hannu. A ja layi a kan kogin Misisifi, shi ne iyakar yamma a lokacin. Duk abin da ke hayinsa, haɗe da Fulorida da tashar Niyu Olins a bakin kogin, na Sifaniya ne. A arewa kuma a sa alama a sansanonin Ditiroit da Nayagara, waɗanda sojojin Ingila suka ƙi fita daga cikinsu duk da yarjejeniyar sulhu ta 1783. Wanda bai ga waɗannan a ido ba, rabin bayanin harkokin waje zai wuce shi.

Ɓangaren cikin gida shi ne mafi kyau. Ya kawo rantsuwar kama aiki ranar 30 ga Afrilu 1789 a Niyok, da mutum huɗun da shugaban ya jingina da su: Tomas Jefason a harkokin waje, Alekzanda Hamilton a baitulmali, Henry Knox a harkar yaƙi, Edmund Randolph a matsayin antoni janar. Ya ambaci dokar kotuna ta 1789 da Kotun Ƙoli mai alƙalai shida. Duk daidai ne, kuma bai ɓata takarda a kansu ba.

Inda ya zauna da kyau shi ne batun bashi. Rahoton da Hamilton ya miƙa wa majalisa a Janairun 1790 ya nuna gwamnatin tarayya na da bashin kimanin dala miliyan 54, jihohi kuma an ƙiyasta nasu a miliyan 25. Ya nemi a biya takardun bashin a cikakkiyar darajarsu, tarayya kuma ta ɗauke wa jihohi nasu. A sauti na biyu malamin ya yi kwatancen da zai zauna a kan duk wanda ya taɓa ganin ɗan fansho na jiran haƙƙinsa. Tsohon soja ya gaji da riƙe takardar da gwamnati ta ba shi a madadin albashi, ya sayar wa wani mai kuɗi a wulaƙance don ya ci abinci, sai ga gwamnati ta ce za ta biya cif. Wa za a ba? Ɗan majalisa Jems Madison ya so a raba tsakanin mai asali da mai saye, majalisa ta ƙi, riba ta tafi ga wanda takarda ke hannunsa. Jihohi irin Bajiniya da suka riga suka rage nasu bashin suka ce ba za su biya wa wasu ba, sai da aka yi ban gishiri in ba ka manda: Kudu ta bari dokar ɗaukar bashin ta wuce, aka ba ta babban birni a gaɓar kogin Potomac, da sharaɗin gwamnati ta yi shekara goma a Filadelfiya tukuna. Bankin ƙasa na 1791, mai jarin dala miliyan 10 da wa'adin shekara 20, wanda gwamnati ta riƙe kashi ɗaya cikin biyar nasa, shi ma an yi masa adalci, har da gardamar Jefason da Hamilton kan ko kundin tsarin mulki ya yarda a yi abin da bai ambata da suna ba.

A kan boren masu barasa na 1794 handawut ɗin ya yi rowa. Layi biyar ne, wai manoman yammacin Fensilbeniya sun ƙi biyan haraji, gwamnati ta tura soja. Ba a faɗi dalili ba, alhali ruwa ba ya tsami banza. Manomin da ke bayan duwatsun Afalashiya ba shi da hanyar kai hatsinsa kasuwannin gabas ya ci riba, don haka yakan dafa shi ya zama barasa, mai sauƙin ɗauka a kan doki, har ana musayar kaya da ita saboda ƙarancin tsabar kuɗi. Harajin barasa na 1791 kuwa da tsaba ake biyansa, tsarinsa ya fi sauƙi ga manyan masu dafawa, kuma wanda aka tuhuma sai ya je kotun tarayya a Filadelfiya, tafiyar kusan mil 300. A Yulin 1794 aka ƙone gidan jami'in haraji John Neville. Washinton ya tara mayaƙan jihohi kusan 13,000, kafin su isa jama'a sun watse, mutum biyu kacal aka samu da laifin cin amanar ƙasa, su ma ya yafe musu. Sauti na huɗu ya cike wannan giɓi sosai, sai a saurare shi kafin a karanta shafin.

Babban aibin ƙunshin ba kuskuren shekara ba ne, yadda aka tsara shi ne. An raba handawut ɗin gida biyu, cikin gida daga shafi 1 zuwa 27, waje daga 28 zuwa ƙarshe, kuma babu ko jimla ɗaya da ta haɗa su. Ga abin da ya ɓace a tsakani. Bashin da Hamilton ya ɗauka da kuɗin fito ake biyansa, domin shi ne kusan dukkan kuɗin shigar gwamnati a lokacin, kuma mafi yawan kayan da ake shigowa da su daga Ingila suke. Ranar da aka shiga yaƙi da Ingila, jirage su daina zuwa, kuɗin fito ya ƙafe, takardun bashi su faɗi, banki ya girgiza. Da wannan a zuciya, shelar 'yan-ba-ruwanmu ta 22 ga Afrilu 1793 ba ta zama abin mamaki ba, duk da cewa Amurka na da yarjejeniyar ƙawance da Faransa tun 1778, kuma Faransa ce ta taimaka mata ta samu 'yanci. Haka ma Yarjejeniyar Jay, wadda wakilin Amurka John Jay ya ƙulla da Ingila. Handawut ɗin ya jera sharuɗɗanta kamar lissafin cefane, bai ce me ya sa shugaba zai sa hannu a takardar da jama'a ke ƙona mutum-mutumin wanda ya ƙulla ta ba. Ingila ta kame jiragen kasuwancin Amurka fiye da 200 a tsibiran Karebiyan, yaƙi na ƙofa, kuma baitulmali ba zai ɗauka ba. Yarjejeniyar ba ta hana Ingila fizge matuƙa daga jiragen Amurka ba, ba ta biya 'yan Kudu diyyar bayin da suka bi sojojin Ingila ba, amma ta fitar da Ingila daga sansanonin arewa, ta kuma bar ciniki na tafiya.

Tambayar jarrabawa a kan wannan zamani sau da yawa cewa take a nuna yadda manufar cikin gida ta juya ta waje. Wanda ya dogara da handawut ɗin kaɗai zai rubuta jeri biyu masu kyau, ya rasa makin da ke kan dangantakarsu.

Akwai kuma kurakurai na fili, guda huɗu, da ya kamata a gyara a gefen shafi tun ranar farko. A shafi 9 an ce Washinton ya yi mulki daga Fadar White House. Bai taɓa kwana a cikinta ba, a Niyok ya fara, ya ƙare a Filadelfiya, Adams ne ya fara shiga fadar a 1800. A shafi 25 an ce kundin tsarin mulki ne ya tilasta masa sauka bayan zango biyu, alhali babu wannan ƙa'ida sai gyara na 22 da aka tabbatar a 1951. Shi da kansa ya zaɓi komawa gonarsa ta Mount Vernon. A shafi 41 an ce ya karanta jawabin bankwana a gaban majalisa, alhali bai karanta shi a ko'ina ba, a wata jaridar Filadelfiya aka buga shi ranar 19 ga Satumba 1796. A wannan shafin dai an jingina masa gargaɗin nan na guje wa ƙawance mai sarƙe ƙafa, wanda lafazin Jefason ne a jawabinsa na kama mulki a 1801. Abin da Washinton ya ja kunne a kai shi ne ƙawance na dindindin, ya kuma bar ƙofa ga na wucin gadi idan larura ta taso. Bambancin ba ƙarami ba ne ga mai karatun hulɗar ƙasashe.

Shekarun Yarjejeniyar Jay ma sun rikice, wani shafi ya ce 1794, wani 1795, ba tare da bayani ba. Duka biyun suna da gurbi. An sa hannu a Landan a Nuwamban 1794, Majalisar Dattawa ta amince a Yunin 1795 da ƙuri'a 20 da 10, wato kashi biyu cikin uku babu rarar ko ɗaya, sannan Majalisar Wakilai ta saki kuɗin aiwatarwa a Afrilun 1796 da ƙuri'a 51 da 48, bayan shugaban ya ƙi miƙa mata takardun tattaunawar. Yarjejeniyar Pinckney da Sifaniya ta Oktoban 1795, wadda ta buɗe Misisifi ga jiragen Amurka da damar ajiye kaya a Niyu Olins, an kawo ta daidai.

Abin da aka bari a waje ma yana da nauyi. Yaƙin yankin Ohayo da ƙabilun asalin ƙasar ya samu sakin layi ɗaya, ba a ambaci kashin da rundunar Janar St. Clair ta sha a Nuwamban 1791 ba, inda sojoji fiye da 600 suka mutu, sai nasarar Anthony Wayne ta 1794 da yarjejeniyar Greenville ta 1795. Malamin sautin kuma yana kiran waɗannan al'ummai Indiyawan daji, sunan da bai dace da aji ba. Bauta kuwa shiru gaba ɗaya, a ƙasar da ƙidayar 1790 ta nuna mutum kusan miliyan 4, kusan 700,000 daga cikinsu bayi, kuma shugaban da kansa mai bayi ne, shi ya sa hannu a dokar kamo bawan da ya gudu ta 1793. Sannan ga Afirka ta Arewa, wadda ɗalibin Kaduna zai fi kowa son ji: kame jiragen Amurka da 'yan Aljiyas suka yi ne ya sa majalisa ta amince a ƙera jiragen yaƙi shida a 1794, a 1795 kuma Amurka ta yarda ta biya fansa da haraji na shekara-shekara don a sako matuƙanta. Babu wannan a takarda, babu a sauti.

Game da sautin, Hausar malamin irin ta Kaduna ce, mai tsarma Turanci nan da can, amma yana fassara kowace kalma kafin ya wuce, kuma ba ya gaggawa. Kowane sauti tsakanin minti 12 ne zuwa 20, daidai zaman cikin Keke Napep daga Kawo zuwa cikin gari idan akwai cunkoso. A na shida, na rikicin jakadan Faransa Genêt da ya sauka a Charleston a 1793 yana ɗaukar jiragen da za su far wa na Ingila, janareta na ruri a baya, sai da abin sa wa a kunne ake jinsa. Fayilolin ba su da lamba a sunansu, waya na jera su yadda ta ga dama, har mutum ya ji bankwana kafin rantsuwa. A tambayi mai shago tsarinsu, a sa musu 1 zuwa 8 nan take. Gara kuma a karɓa ta Xender, domin waɗanda aka yi ta turawa a WhatsApp wasu sun yanke a tsakiya. Malamin yana furta sunaye da lafazin Hausa, don haka a riƙa duba yadda ake rubuta su a handawut, tunda a takardar jarrabawa harafin Turanci ake nema.

Kafin a biya kuɗi a ƙirga shafukan a tabbatar sun kai 46, a buɗe jadawalin ƙarshe a ga ko ana bambance 3 da 8, a kunna sauti na shida da na takwas a ji ko sun kai ƙarshe, sannan a ce a ƙara sitefila biyu a gefe.