Bututun birki: na ƙarfe ko na kunifa?

Malam, tunda da hannunka kake harhaɗa motar a gida, tsakanin bututun ƙarfe da na kunifa da ka tambaya, sayi kunifa kawai, mai kauri 3/16 na inci, wato milimita 4.75.

Shi na saka wa 'yar motar da na ɗora kan shasin tsohuwar Volkswagen Bitil. Kunifa haɗi ne na jan ƙarfe kashi 90 da nikel kashi 10, laushinsa kuwa sai wanda ya taɓa. Dogon layin da ya tashi daga masta, wato famfon da ke tura man birki, zuwa ƙafafun baya, ina kwance a ƙarƙashin mota na riƙa lanƙwasa shi da 'yan yatsu ina bin jikin shasi, inda kwana ta yi tsanani na naɗa shi a jikin soket na kwance noti, bai tsuke ba. Wajen buɗa masa baki ma, wato faɗaɗa ƙarshensa yadda noti zai matse shi a mahaɗa, bai ba ni wahala ba. Na ɗaure noti, muka fitar da iska, yarona na taka birki ina leƙa kowace mahaɗa, ko ɗigon mai ban gani ba. Damina ta zo ta wuce sau da dama, har yau babu tsatsa. Kamfanin Volvo tun 1976 ya koma amfani da shi, masu haɗa irin motarka a Ingila ma yawanci shi suke sakawa.

Na ƙarfe ya fi araha, ya kuma fi jure dukan tsakuwa, wannan kam ba a hana shi. Amma a masana'anta inji ke lanƙwasa shi, kai kuwa da ƙaramin abin buɗa baki na hannu za ka yi ta ɓata bututu.

Ka yi hattara a kasuwa, don nan ne ake cutar mutane. Wani zai miƙo maka bututun jan ƙarfe zalla na firji ko na AC ya rantse na birki ne. Irin wannan bututun, girgizar mota na sa shi ya yi tauri, wata rana ya tsage a gindin noti, mai ya tsiyaye kana kan titi da iyali. Jan ƙarfe zallan ja ne sosai, kunifa ya fi shi haske. Wani kuma ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya, don haka ka tafi da maganaɗisu: in ya manne gam, ajiye musu kayansu. Ka kuma duba rubutun da ke jikin bututun ko ledarsa.

Kafin ka sayi noti, duba motar da ka ciro masta da sauran kayan birki daga jikinta. Bitil da yawancin motocin Turai girman notinsu M10x1 ne, bakin bututun mai tudu kamar kumfa, tsofaffin motocin Amurka kuwa 3/8 na inci ne mai baki ninki biyu. Suna kama da juna, har noti ya fara shiga, amma ba za su riƙe mai ba. Zura notin kafin ka buɗa baki. Kafa kilif duk bayan kamar santimita 30, ka nisanta layin da salansa, inda ƙafa ke motsi kuma tiyon birki za ka saka. In tsawon bai kai ba, yanko sabo, kada kowa ya lallashe ka da mahaɗar masu aikin famfo.