Allunan Tarihi a Bakin Titi: Labari daga Jihar Bajiniya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga bayanin wani aiki na hukuma da ake yi a karkarar Amurka, wanda ya kamata mutanen gida su san yadda yake tafiya.

A jihar Bajiniya, duk wanda ya bi hanyoyin ƙauye zai riƙa cin karo da allunan ƙarfe masu ruwan azurfa da baƙin rubutu, kowanne a kan turke guda. Tun 1927 jihar ta fara kafa su, yanzu sun haura 2,500. Faɗin allo ya kai kimanin mita ɗaya, rubutu gaba da baya, da hatimin jiha a sama da lambar rajista. Da yawa daga cikin tsofaffin da baƙin ƙarfe aka yi su, ga nauyi, ga tsatsa. Na yanzu sanholo ne ake narkawa a zuba a ma'auni, haruffan su fito tudu-tudu a jikin allon, don haka ko fenti ya koɗe ana iya karantawa. Nan ne ya sha bamban da allon kwano da muka saba gani a gida, wanda damina biyu da zafin bazara ke share rubutunsa tas.

A ɗauki gundumar Sawtamtin a kudu maso gabashin jihar, ƙasar gyaɗa da auduga, wadda aka kafa a 1749. A nan ne wani bawa mai wa'azi, Nat Turner, ya jagoranci tawaye a watan Agusta 1831. An kashe Turawa wajen 55, sannan aka bi baƙar fata da ramuwa, har da waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. An kama shi ranar 30 ga Oktoba, aka rataye shi ranar 11 ga Nuwamba a garin Jerusalam, wanda aka sake wa suna Kotland a 1888. Yau in ka duba wuraren, gonaki ne da daji. In ba don allon da ke bakin hanya mai lamba 35 ba, baƙo sai ya wuce bai san ƙasar da ya taka ba. Gundumar nan kuma ita ta haifi janar biyu da suka tsaya a ɓangarori daban a yaƙin basasar Amurka: George Thomas na Arewa da William Mahone na Kudu.

Ba hukuma ke fara neman allo ba a yawancin lokaci. Ƙungiyar gari, coci, makaranta ko wani dangi ne ke rubuta takardar nema ga ma'aikatar kula da kayan tarihi ta jiha. Sharaɗi shi ne abin ya kai shekara 50 da faruwa, kuma muhimmancinsa ya wuce na unguwa. Rubutu kimanin kalma 100 ne, amma kowace magana sai an kawo hujjarta: takardar kotu, rajistar ƙasa, tsohuwar jarida. Masana su tace, hukumar ta amince a zamanta, mai nema ya biya kuɗin ƙira, wanda kan kai 'yan dubban daloli. Ma'aikatar sufuri ke duba wurin kafawa, ita kuma ke kula da yawancinsu daga baya. A ganina wannan rabon aiki shi ne ƙashin bayan abin, domin allo yana da mai shi bayan an watse daga bikin kafa shi.

Matsaloli akwai. Mota kan kauce ta tuge turke, tarakta mai yankan ciyawa kan fasa gefen allo, ɓarayin ƙarfe ma ba a rasa su. Wasu allunan suna inda babu gefen tsayawa, kuma ba mai karanta kalma 100 yana gudu. Sau da yawa ma ainihin wurin yana da nisa, sai allon ya ce mil kaza yamma da nan. Mafi nauyi ita ce ta rubutu: na shekarun farko sun cika da filayen yaƙi da gidajen masu bayi, ba su cika ambaton bayin ko ƙabilun asali irin Nottoway ba. Shi ya sa ake ta sauya tsofaffi ana ƙara sababbi.

A gida Najeriya, hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana nan tun 1979, maƙeran zuba tukunyar sanholo kuma suna kusan kowace babbar kasuwa. Wurare kamar Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi a Yuli 1903, da Satiru, inda aka yi wa Turawa tawaye a 1906, sun cancanci allo irin wannan, da Hausar boko a gefe guda da ajami a ɗaya gefen. Sai dai a binne turken cikin siminti mai zurfi, a kuma kafa shi kusa da idon jama'a saboda 'yan jari-bola.