Gargaɗi: Masu Rufe Tsatsa da Baƙin Fenti a Gyaran Mazaunin Shokar Baya

Jama'a masu tayar da tsofaffin motocin ɗaukar kaya, irin su Hilux da Land Cruiser da sauran akori-kura masu sifirin falle-falle a baya, a yi hattara da wata damfara da ake yi wajen canza mazaunin shoka, wato ƙarfen da ake ɗaure shoka a jikin shasi. Mutum zai tare ka a bakin kasuwar kayan gyara, ko ya turo maka hotuna ta WhatsApp ko Facebook, ya ce yana da mazauni ɗan Baljiyam da aka yanko daga mota mai lafiya, kuma yana da mai walda da zai gama aikin a yini ɗaya. Sharaɗinsa guda ne: ka biya, ka bar motar, ka dawo da yamma. In ka dawo za ka tarar da ƙarƙashin motar baƙi wuluk yana ƙyalli. Wannan fentin shi ne damfarar, domin ba a shafa shi don kare ƙarfe ba, an shafa ne don kada ka ga abin da ke ƙasansa.

Shoka ba ita ke ɗaukar nauyin mota ba, aikin sifirin ne wannan. Ita tana hana sifirin ci gaba da tsalle ne bayan taya ta faɗa rami. Saboda haka duk rami, duk gargada, sai ta fizgi mazauninta ta kuma tura shi, ba hutu. Ƙarfen da ake lanƙwasawa gaba da baya haka gajiya yake yi, kuma daga gefen walda yake fara tsagewa. Ranar da mazaunin sama ya ɓalle, bayan motar zai riƙa rawa, taya ba za ta zauna a ƙasa sosai ba lokacin taka birki, ga kuma shokar tana lilo kusa da bututun birki da tankin mai. Da kaya a baya, a kan kwana, wannan maganar rai ce.

Ha'incin farko a kaurin ƙarfe yake. Mazaunin kirki na irin waɗannan motoci yakan kai milimita 3 zuwa 5. 'Yan damfarar kuwa sai su lanƙwasa falle mai milimita 1.5 ko 2, irin wanda ake ƙofar gida da shi, su kwaikwayi siffar na asali, su tsoma shi a fenti mai kauri. Ido ba ya rabewa, amma ma'aunin kauri yana rabewa cikin daƙiƙa, kuma kowane bakaniken ƙwarai yana da shi. A kankare fentin gefe a auna. A duba ramin noti: na kamfani zagayayye ne sumul, na bogi da wutar walda ake huda shi, bakinsa karta-karta, ya fi notin faɗi. Rami mai faɗi yana barin noti ya yi wasa, wasan nan shi ke zama ƙwanƙwasar da za ka fara ji bayan 'yan makonni, har ramin ya koma siffar ƙwai.

Na biyu ya fi muni, wato ɗora sabon mazauni a kan ruɓaɓɓen shasi. Walda ba ta kama tsatsa. Abin da ake samu ɗigo-ɗigo ne kamar kashin kaji, a zaune a sama, bai narke cikin ƙarfen ba. Inda wuta ta huda shasin saboda ya yi siriri, sai su cusa guntun rodi ko kan tsohon noti, su cike sauran da filar da masu gyaran bodi ke shafawa, su goge, su bi da baƙin fenti ko kwalta. Wasu ma da waldar kabaid da waya suke liƙawa, wadda ta salansa ce da bodi, ba ta wurin da ke shan fizga ba.

A nan ya kamata a fahimci yadda shasi ke ruɓewa. Wanda aka yi shi kamar akwati, rufaffe ta gefe huɗu, daga ciki yake ci. Laka da ruwa suna shiga, ramukan tsiyayewa su toshe, danshi ya kwanta daidai wajen ƙarfen da ya gitta tsakanin gefe biyu, inda mazaunin shoka yake a motoci da dama. Daga waje sai ka ga lafiya lau, ciki kuwa ya zama ɓawo-ɓawo. Motocin tokumbo da suka fito daga arewacin Amurka da Kanada sun fi wannan ciwo, saboda gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Ba ɓoyayyen abu ba ne: a 2008 kamfanin Toyota ya sayi wasu akori-kurarsa samfurin Tacoma ƙirar 1995 zuwa 2000 daga hannun masu su saboda ruɓewar shasi, a 2016 kuma ya amince da sasanci da masu motoci na kusan dala biliyan 3.4 kan Tacoma ƙirar 2005 zuwa 2010 da wasu Tundra da Sequoia. Duk wanda ke da ɗaya daga cikin waɗannan motoci ya binciki shasinsa sau biyu kafin a kai masa wuta.

Gwajin ba shi da wuya. A buga shasin da ƙaramar guduma, taki ɗaya gaba da bayan mazaunin. Ƙarfe mai rai ƙara yake yi tar, ruɓaɓɓe kuwa dum yake cewa, ka ji tsatsa na zubowa a ciki. A bi wurin da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa ko ya kama sako-sako, fila ce. A soka sukuddireba a duk inda fenti ya kumbura.

Sau da yawa sukan haɗa maka da shoka "sabuwa" a matsayin rangwame. Tsohuwa ce aka huda, aka ɗura mata baƙin mai ko man giya, aka toshe, aka fesa fenti, aka manna takarda mai sunan babban kamfani. A shafa jikinta a nemi tabon toshiya. A duba sandar: in ta ƙarje ko ta dushe, ta yi aiki. Lambar ta ƙwarai galibi a buge take a jikin ƙarfen, ba a takarda kaɗai ba. A tsayar da ita a ja a tura sau huɗu ko biyar. Ya kamata ta yi tauri bai ɗaya, jan ya fi turawar wuya, ba tare da wani gurbi da za ta wuce fayau ba. Mai gas kuma da kanta take miƙewa in an sake ta.

Aikin gaskiya ba ya ƙarewa a yini ɗaya in har akwai tsatsa. Ana ɗaga akwatin baya ko a sauke shi, a cire kan batir, a sauke tankin mai, a kare wayoyi da bututun birki daga tartsatsi. Kafin a yanke tsohon mazauni sai an auna wurinsa daga wani tabbataccen rami a shasi, hagu da dama, an rubuta, tare da karkatarsa. A motoci da yawa shoka ɗaya tana gaban aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, ɗaya tana baya, da gangan aka yi haka don hana aksil murɗawa, don haka mazaunin hagu da na dama ba lallai su zama iri ɗaya ba. Wanda ya miƙo maka biyu tamkar tagwaye bai ko tambayi ƙirar motarka ba, ka san bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani sarai.

Daga nan a gurza har farin ƙarfe ya fito. Duk inda ya yi siriri a yanke shi gaba ɗaya, a sa sabon falle mai kaurin shasin, sannan a ɗora faci mai zagayayyun kusurwoyi ko siffar lu'ulu'u, domin walda miƙaƙƙiya da ta tsallaka shasi daga sama zuwa ƙasa nan ne tsaga ke bi. Sandar walda mai lamba E7018 busasshiya ta fi dacewa da wannan wuri fiye da E6013 da aka saba yin ƙyaure da ita. Manyan motoci kuwa, masu shasin da aka gasa aka taurara, da yawa akwai gargaɗi a jikinsu cewa kada a yi walda ko huda leɓen shasi. Irinsu da noti ake ɗaure mazauni a ramukan da kamfani ya tanada.

Ana fara ɗan liƙa mazaunin ne kawai, a ɗaura shoka, a sauke motar a kan tayoyinta, a tabbatar shokar ba ta ƙure ba. Dole robar da ke tare aksil ta taɓa kafin shoka ta gama shigewa, in ba haka ba duk babban rami mazaunin ne zai sha dukan, komai kyan waldar. Sai an gamsu sannan a cika waldar, kaɗan-kaɗan, ana barin ƙarfen ya huce da kansa, ba a watsa masa ruwa. Noti ya zama mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa, mai 4.8 ko marar lamba na gado ne da kujera. Ɗaurin ƙarshe kuma sai mota na tsaye da nauyinta, don kada robobin shokar su murɗe su yage da wuri.

Wajen kuɗi, kada a tura wa mai hoto a intanet ko kwabo kafin kaya su zo hannu a auna su. Mai walda kuma a yi yarjejeniya da shi tun farko, gaban shaida, cewa za a ga aikin sau biyu: bayan an gurza kafin a kunna wuta, da bayan an gama walda kafin fenti ya taɓa wurin. A ɗauki hoto a duk matakin, a karɓi tsohon mazauni da guntayen da aka yanke. Cikon kuɗi sai bayan gani na biyu. In ka dawo ka tarar an riga an shafe wurin ba da izininka ba, ka sa a kankare shi da burushin waya a gabanka, ka riƙe kuɗinka har farin ƙarfe ya bayyana.