Sashen Kula da Masu Ciwon Ajali: Abin da Muka Gani a Jinyar Mahaifinmu

Sai da muka shafe wata biyu muna jinyar mahaifinmu a gida, bayan likitoci sun tabbatar mana cewa ciwon dajin da ke hantarsa ya wuce aiki, sannan muka ji cewa a asibitin koyarwar da ya sallame mu akwai sashe na musamman mai kula da irin waɗannan marasa lafiya. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta unguwarmu ta zo dubiya, ta tarar da shi yana nishi, ta tambaye mu abin da ya hana mu kai shi can. Wannan shi ne babban aibin da na gani: likitan da ya ce mu koma gida mu ci gaba da addu'a bai ambaci sashen ba ko sau ɗaya, alhali gini guda ne ya raba su.

Aikin sashen shi ne sauƙaƙa raɗaɗi da tallafa wa iyali idan magani ya daina warkarwa. Tsarin ya samo asali ne daga gidan jinya na St Christopher's da likita Cicely Saunders ta buɗe a Landan a 1967, kuma ita ce ta nuna cewa ciwon mai jinya ya haɗa da na jiki da na zuciya da damuwar iyali. A Afirka, Dakta Anne Merriman ta kafa irinsa a Kampala a 1993, inda ta yaɗa amfani da ruwan mofin na sha mai arha, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, kuma irin wannan ruwan aka ba mu.

A kan mofin ɗin muka fi yin gardama a gida, domin yayana ya dage cewa ƙwaya ce mai sa maye, kuma za ta gaggauta ajali. Likitar sashen ba ta raina tsoronsa ba. Ta zaunar da mu kusan awa guda, ta bayyana cewa ana farawa da ɗan kaɗan, ana bayarwa duk bayan awa 4 ba tare da jiran ciwon ya taso ba, sannan a haɗa da maganin sassauta ciki saboda mofin yana ɗaure bayan gida. Cikin kwana biyu mutumin da ya daɗe bai runtsa ba ya yi barci, ya farka da hankalinsa, ya nemi a kawo masa ƙasa ya yi taimama.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne yadda suke magana da shi kai tsaye maimakon su riƙa tambayar mu a kansa. Nas ɗin da ke zuwa gida takan durƙusa ta ce, "Baba, ina ne ya fi damun ku yau?" Ita ce ta koya wa mahaifiyarmu juya shi duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya, da jiƙa masa leɓe da auduga lokacin da haɗiya ta yi wuya. A makonni shidan da sashen ya yi yana kula da shi, ya faɗi basussukan da ke kansa, ya yi wasiyya, ya nemi yafiyar ƙanensa.

Ma'aikatan ba su da yawa, don haka ziyarar gida ba ta wuce sau ɗaya a mako, kuma sau biyu mofin ya yanke a kantin maganin asibitin, muka kwana uku cikin tashin hankali. Duk da haka, ina ba duk wanda aka sallami majinyacinsa da irin wannan hali shawarar ya tambayi likita ƙarara ko akwai sashen sauƙaƙa raɗaɗi, ya karɓi takardar turawa tun kafin ya bar asibiti, ya kuma riƙa sabunta maganin tun da sauran na kwana biyar a kwalba.