Tashi da lema ko tuƙin kwale-kwale: amsa ga ƙanenmu da ke Antaliya

Salamu alaikum jama'a. Ƙanenmu ɗan Argungu da ke karatu a Antaliya ta ƙasar Turkiyya ya yi tambaya shekaranjiya, wai abokan karatunshi sun rabu biyu kan inda za su ƙarshen mako, wasu sun ce Oludeniz a tashi sama da lema, wato faragilaidin, wasu sun ce Koprulu Kanyon a tuƙa kwale-kwalen roba cikin kogi, raftin ke nan, shi kuma kuɗin da ke hannunshi na abu ɗaya ne. Na ga masu ce mishi kai dai zauna ka yi karatu, kuma ba su yi ƙarya ba, karatun ne ya kai shi, amma yaron da ya yi kwana biyar daga aji sai ɗaki a ƙasar da ba tashi ba yana buƙatar ya sha iska. Na yi duka biyun lokacin da nake can, to ƙanena saurara.

In fara da aljihu. Koprulu bai kai tafiyar awa biyu daga Antaliya ba, motar kamfanin za ta ɗauke ku da safe ta maido ku da yamma, galibi har da abincin rana cikin kuɗin. Oludeniz kuwa sai ka shiga bas zuwa Fetiye, wajen awa uku, sannan ƙaramar mota, kuma kuɗin tashin kaɗai ya ninka na raftin sau da yawa, ga hoto da bidiyo da suke caja daban, ga kwana in ta kama. Kuma ta kan kama, don in iska ta ƙi ba mai tashi, ka biya mota ka biya masauki ka dawo hakanan.

Shi tashi da lema gaskiya abin kallo ne, ba zan rage mishi komai ba. Ana hawa da ku dutsen Babada, tsawonshi ya kusa mita 2,000, kai ka tuna Dutsen Kwatarkwashi da muke ɗaga kai mu kalla a hanyar Gusau, to wanga ya yi mishi nisa sosai kuma teku ce a gindinshi. Za a ɗaura maka kujerar igiya, a sa maka hular kwano, matuƙin ya ɗaure ka a gabanshi ya ce ka yi ta gudu kar ka zauna sai ya ce. Taku biyar shida sai ka ji ƙafarka na gudu amma babu ƙasa. Daga nan shiru, sai ƙarar iska cikin igiyoyi, ruwan teku shuɗi shar, jiragen ruwa ƙanana kamar ɓawon gyaɗa. Wallahi bakina subhanallahi kawai yake fita. Amma wajen minti talatin ne an gama, kuma duk tsawon lokacin kai fasinja ne, ba abin da ke hannunka, ranka bayan Allah yana ga mutumin da ka sani minti goma da suka wuce. Shi ya sa ba a neman arha a nan. Ka tambayi lasisin matuƙin, ka tambayi lemar ko-ta-kwana, ka duba kamfanin na da rajistar TÜRSAB, wato ƙungiyar kamfanonin tafiye-tafiye ta Turkiyya. In ya ce yana so ya yi maka juyi a sama kuma ka san kana da tashin zuciya a mota, ce mishi a'a kai tsaye, kuma kar ka cika ciki kafin ka hau.

Raftin daban yake, aikin gayya ne. Ku takwas ko goma cikin kwale-kwale ɗaya, kowa da filafilinshi, jagora na baya yana ihu gaba, baya, ku tsaya, tafiyar wajen kilomita 14 tsakanin duwatsu da itatuwa, akwai ma wata tsohuwar gada ta zamanin Rumawa a wajen. Wuni guda za ka yi kana dariya da mutanen da da ko gaisawa ba ku yi a aji, kuma ga ɗalibi baƙo wannan ba ƙaramar riba ba ce.

To amma a nan ne nake jin tsoro a kanka, kai ɗan Argungu musamman. Na san abin da ke ranka: ni da na tashi bakin Matan Fada, na ga kabanci, na ga masu kama agwagwa da hannu cikin ruwa, wane ruwa za a nuna min? Ƙanena wancan ruwan ba irin namu ba ne. Namu ɗumi gare shi kuma a hankali yake tafiya a kan laka da yashi. Na Koprulu daga maɓuɓɓugan dutse yake fitowa, ko tsakiyar bazara sanyinshi kamar an narka ƙanƙara, kuma gudu yake tsakanin duwatsu. Ni na faɗa ciki, kwale-kwalenmu ya daki wani dutse a kaikaice sai kawai na ji ni a ƙasa, sanyin ya ƙwace min numfashi, ƙirjina ya ɗaure, iyon da na iya tun ina yaro bai zo min a kai ba sam, rigar ruwa ce ta cillo ni sama, jagoran ya kamo ni ta kafaɗun rigar ya jawo. Da na sassauta ɗaurinta kamar yadda na ga wasu na yi don a ɗauki hoto, da ta zame ta kaina. Mu mutanen Kebbi bai kamata a yi mana dogon wa'azi kan rigar ruwa ba, ba mu manta jirgin da ya nutse wajen Warra a 2021 ba da yawan mutanen da aka rasa. Ɗaure ta tamau. In ka faɗa, kwanta da baya, ƙafafu su yi gaba inda ruwa ya nufa, kar ka ce za ka miƙe tsaye cikin ruwa mai gudu, ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu ruwan ya danne ka.

Akwai kuma abin da masu talla ba za su faɗa maka ba. Wajen sauka a Oludeniz bakin teku ne na 'yan yawon buɗe ido, lokacin zafi shigar mutane a wurin ba irin wadda idonmu ya saba ba ce, ka sani tun daga gida. A raftin ma ana haɗa maza da mata, amma in kun kai adadi kuna iya neman kwale-kwalenku ku kaɗai, kuma ka tafi da busassun kaya a leda don ka samu na yin azahar da la'asar. Ƙannenmu mata da ke son tashi da lema su nemi matuƙiya mace tun wajen kama gurbi a kamfanin, don zaman a manne yake.

Inshora ma ka buɗe takardarka ka karanta, da yawa suna cire irin waɗannan wasannin, in ka karye kai da aljihun Baba ne. Kuma kar ka je ana saura mako biyu jarabawa.

Ni dai in kuɗin na abu ɗaya ne, ka tafi Koprulu. Ya fi sauƙi, ya fi kusa, kana da hannu cikin abin da ke faruwa, kuma Lahadi kana ɗakinka kana bitar karatu. Lema ka bar ta sai an yi hutun ƙarshen zango ka tara kuɗin kamfani mai kyau, watan Mayu ko Satumba sun fi daɗi, zafi bai yi yawa ba.

Kuma kowanne ka zaɓa, ka kira Inna ka faɗa mata kafin ka tafi, ba sai ta gani a status ba. In ta ce a'a to ka haƙura da wannan karon, Antaliya na da tsohon gari da bakin ruwan Duden da za ku iya zagawa da kuɗin bas kawai.