JRI-Poland: gwajin rumbun bincike da sunan Kamiński

JRI-Poland rumbun bincike ne a intanet da aka kafa a 1995, inda ƴan sa-kai suka jera miliyoyin bayanan haihuwa, aure da mutuwa na Yahudawan Poland. Bincike kyauta ne. Sunan Kamiński ya dace da gwada shi, domin yana cikin sunayen iyali goma da suka fi yawa a Poland, kuma Kiristoci da Yahudawa duk suna ɗauke da shi. Tushensa kalmar kamień, wato dutse, ko garuruwa masu suna Kamień. Ƙarshen -ski na nuna "ɗan wuri kaza", mace kuwa ana rubuta ta Kamińska.

Inda rumbun ya yi fice shi ne rubutun suna. Magatakarda ɗaya ya rubuta Kaminski, wani Kamieński, waɗanda suka yi hijira zuwa Amurka suka mayar da shi Kaminsky. Idan ka nemi harafi da harafi, rabin zuriyar za ta sulale maka. Zaɓin bincike ta sauti yana amfani da tsarin Daitch-Mokotoff na 1985, wanda ke mayar da suna lamba mai adadi shida, sai duk rubutun da suka yi kama a kunne su fito tare. Illarsa, yana kwaso sunayen da ba su da alaƙa da naka. Maganin wannan shi ne ka haɗa sunan da sunan gari. Wanda bai san garin kakanninsa ba zai nutse cikin dubban layuka.

Akwai shekarun da mai bincike ya kamata ya riƙe. Yawancin Yahudawa ba su da sunan iyali na dindindin sai da gwamnatoci suka tilasta: Ostiriya a 1787 a yankin Galicia (kudancin Poland da yammacin Ukraine na yau), Masarautar Poland da ke ƙarƙashin Rasha a 1821. Saboda haka a takardun da suka gabaci wannan, sau da yawa sunan mutum da na mahaifinsa kawai za ka gani, kuma nan neman Kamiński ke tsayawa cik. A yankin da ya zama Masarautar Poland, daga 1808 zuwa 1825 ana shigar da Yahudawa cikin rajistar da limaman Katolika ke riƙewa, sai a 1826 aka ware musu tasu. Daga 1868 kuma aka koma rubutu da Rashanci, tare da kwanan wata biyu da suka bambanta da kwana 12 a ƙarni na 19. Ba kuskure ba ne, kalanda biyu ne, ta Rasha da ta Yammacin Turai.

Galicia na da tata matsalar. Auren da aka ɗaura a gaban malamin addini kawai, hukuma ba ta san da shi ba, sai a rubuta ƴaƴan da sunan mahaifiya. Shi ya sa za ka ga sunaye biyu da kalmar Latin recte (wato "daidai") ko vel (wato "ko") a tsakani. Ka nemi duka biyun.

Raunin rumbun a fili yake. Fihirisa ce, ba ainihin takardar ba. Wasu layukan na kai ka ga hoton shafin, wasu sai ka nema a Szukaj w Archiwach, shafin intanet na ma'ajin tarihin Poland. Rajistocin garuruwa da yawa sun salwanta a Yaƙin Duniya na Biyu. Dokar Poland kuma ta rufe bayanan haihuwa har shekara 100, na aure da mutuwa shekara 80.

Ganin Kamiński a nan ba hujja ce cewa iyalinka Yahudawa ne ba, tunda Yahudawa kaɗai rumbun ya tattara. A duba sunan da garin a Geneteka, wani rumbun bincike mai yawan rajistar coci, a kwatanta sunayen iyaye da shekaru kafin a yanke hukunci.